Daga Wankin Jini Zuwa Kashe Ƙishi: Tarihin Maganin Jarabar Ƙwaya da Matsayin Abokin Zama

Wata ranar Laraba, bayan layin marasa lafiya ya ragu, wata mata ta tsaya a tagar ɗakin magani inda nake aiki, babu takardar likita a hannunta. Ta jira har na sallami wanda ke gabanta, sannan ta sassauta murya ta ce, "Malam, don Allah akwai allurar da ake yi wa mutum ta wanke masa jini?" Na tambaye ta wane irin wanki take nufi. Ta ce maigidanta ne. Shekara huɗu ke nan yana shan tiramol, ya fara ne saboda ciwon baya da nauyin aiki. Sau uku yana rantsuwa ya daina, sau biyu ana kwantar da shi a yi masa ƙarin ruwa, amma ko wata biyu ba a rufawa sai ta sake tsintar fankon ƙwaya a aljihun rigarsa ranar wanki. "Ni abin da ya ɗaure mini kai," in ji ta, "idan an fitar da abin daga jikinsa, mene ne yake mayar da shi?"

Na daɗe ina juya wannan tambaya. Ba ita ce ta fara yin ta ba, ba kuma a garinmu aka fara yin ta ba. Likitocin Turai da Amurka sun shafe fiye da shekara ɗari suna tuntuɓe a kanta kafin su sami amsar da za a dogara da ita. A ganina duk wanda aka jarrabe shi da abokin zama mai wannan lalura, miji ne ko mata, zai amfana da sanin hanyar da aka biyo. Sanin kaɗai ba ya warkarwa, amma yakan rage zargi a cikin gida, yakan kuma hana a ɓarnatar da dukiya da shekaru a kan abin da aka riga aka gwada ya gaza.

Tiramol da kodin da allurar fenta da mofin da hiroyin duk dangi ɗaya ne a wajen aiki. Kakansu shi ne ofiyom, wato ƙaron da ake tatsa daga ƙwanson wani fure, wanda ɗan Adam ya sani tun dubban shekaru. A wajajen 1804 wani matashi mai koyon harhaɗa magunguna a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace sinadarin da ke ba ofiyom ƙarfinsa, aka kira shi mofin. Nakan tuna cewa ɗan sana'armu ne ya buɗe wannan ƙofa, da alherinta da sharrinta. A 1832 wani Bafaranshe, Pierre Robiquet, ya fitar da kodin. A 1853 aka sami sirinji mai allura da ke kai magani ƙarƙashin fata. Daga nan likita ya sami ikon kashe raɗaɗi cikin 'yan mintoci, daga nan ne kuma aka fara ganin mutanen kirki, cikinsu har da matan aure da likitoci kansu, sun kasa wuni ba tare da allura ba.

Amsar farko da aka bayar ita ce irin wadda matar nan ta zo nema: a wanke. An ɗauki jaraba a matsayin guba da ta maƙale a jiki, wadda in aka fitar da ita shi ke nan. A 1879 wani likita a jihar Illinois ta Amurka, Leslie Keeley, ya fara tallar maganin da ya ce akwai zinariya a cikinsa, yana raba mutum da giya da ofiyom. Ya buɗe rassa sama da ɗari, ya tara dukiya mai yawa, bai taɓa bayyana abin da ke cikin maganin ba. Wasu kuma suka bi hanyar maye gurbi ba tare da sanin abin da suke yi ba. A 1884 Sigmund Freud, wanda daga baya ya shahara a nazarin halayyar ɗan Adam, ya rubuta cewa hodar ibilis tana raba mutum da mofin. Ya ba abokinsa likita Ernst von Fleischl-Marxow, sai abokin ya tashi da jaraba biyu maimakon ɗaya. A 1898 kamfanin Bayer ya fito da hiroyin kasuwa a matsayin maganin tari, likitoci da yawa suka ɗauka ba ya kama mutum kamar mofin, har wasu suka ba da shawarar a riƙa ba masu jarabar mofin. Shekara 120 cif bayan haka, a 2018, gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin. Tari dai ya daɗe yana zama ƙofar shigowa.

Na kawo waɗannan ne don in yi wa masu shakka adalci. Idan uwargida ta ji an ce za a ba mijinta wani magani ɗan dangin abin da ya lalata musu gida, ta ce ba ta yarda ba, ba jahilci ne ya sa ta faɗa ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Tarihi ya ba ta dalili. Abin tambaya shi ne ko abin da ya zo daga baya ya bambanta da waɗannan, da kuma ta ina ya bambanta.

Bayan wanki ya gaza, sai aka koma ga hukunci. A 1914 Amurka ta kafa dokar Harrison mai taƙaita sayar da waɗannan magunguna, a 1919 kuma kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa likita ba shi da hurumin ci gaba da rubuta wa mai jaraba mofin don kawai ya zauna lafiya. Ƙananan asibitocin da ke yin haka aka bi su ana rufewa, na garin Shreveport ya rufe a 1923. Mai jaraba ya tashi daga hannun likita ya koma hannun ɗan sanda. A 1935 gwamnati ta buɗe wani ƙaton gida a Lexington cikin jihar Kentucky, rabinsa kurkuku rabinsa asibiti, ga gona mai faɗi ga shanun tatsa. Mutum yakan yi watanni a can, ya ci mai kyau, ya yi noma, ya murmure, ya fito babu ɗigon ƙwaya a jininsa. Da aka bi sawun waɗanda aka sallama, sai aka tarar kusan tara cikin goma sun koma ruwa, akasarinsu cikin 'yan watannin farko.

Wannan sakamako ya kamata ya tsaya mana a rai, domin mu ma muna da namu salon killacewa. A 2019 jami'an tsaro sun shiga wasu gidajen mari a jihohin Kaduna da Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasunsu da sasari a ƙafa. Da yawa iyalansu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, don ba su san wata hanya ba. Lexington ba ta da sasari, tana da likitoci da abinci da gado mai tsabta, duk da haka killacewa kaɗai ba ta yi ba. Ina ga wurin da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan?

Sai dai a Lexington ɗin ne aka fara hango amsar tambayar matar nan. Wani likita mai suna Abraham Wikler ya lura da labarin da waɗanda suka dawo suke ba shi. Mutum ya yi watanni lafiya lau, amma da ya sauka a tsohuwar unguwarsu, ya ga kwanar da ya saba saye, sai hamma ta kama shi, idanu su kawo ruwa, ciki ya murɗa, tamkar jiya ya daina sha. Wikler ya fahimci cewa abubuwa biyu ne ake cakuɗawa. Akwai ciwon yaye, wato zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci da ke zuwa idan an yanke ƙwaya, wanda yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu. Akwai kuma ƙishi, wanda ba ya zaune a jini balle ruwan leda ya wanke shi. Yana zaune ne a cikin abin da ƙwaƙwalwa ta koya, kuma wuri ko aboki ko ɓacin rai ko kuɗi a hannu na iya tayar da shi bayan watanni, wani lokaci bayan shekaru. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma a nan turken ba ya tambayar wayon mutum.

Waɗanda suka mayar da wannan fahimta magani mutum biyu ne, kuma abin sha'awa daga baya sun zama miji da mata. Marie Nyswander likitar ƙwaƙwalwa ce da ta yi aiki a Lexington a tsakiyar shekarun 1940, sannan ta koma birnin New York tana duba masu jaraba a unguwar talakawa, tana ganin yadda magana da nasiha kaɗai ke gaza mata sau da yawa. Vincent Dole kuwa masani ne a kan yadda jiki ke sarrafa abinci, bincikensa a kan ƙiba yake. Ya karanta littafinta, ya gayyace ta cibiyar Rockefeller, a 1964 suka fara aiki tare da wata matashiyar likita, Mary Jeanne Kreek. Da farko sun gwada riƙe majinyata biyu a kan mofin. Abin bai yi kyau ba: kullum sai an ƙara yawan maganin, mutanen kuma suna zaune cikin kayan barci ba abin da suke yi sai duban agogo suna jiran allura ta gaba. Sai aka sauya musu zuwa metadon, wani magani da masana a Jamus suka haɗa a ƙarshen shekarun 1930, wanda ya shiga Amurka a 1947, kuma ana amfani da shi a lokacin don sassauta ciwon yaye na 'yan kwanaki kawai. Su kuma suka bar majinyatan a kansa ba su yanke ba. Cikin ɗan lokaci sai babban ya kama zane-zane, ƙaramin ya fara roƙon a bar shi ya koma makaranta. Ba su bugu ba, ba su galabaita ba, sun kuma daina zancen ƙwaya. A 1965 Dole da Nyswander suka wallafa sakamakon majinyata 22, a shekarar kuma suka yi aure.

Dole ya yi hasashen cewa doguwar mu'amala da ƙwaya tana sauya wani abu a jiki sauyi mai daɗewa. Bai jima ba aka fara samun hujja. A 1973 masu bincike, cikinsu har da Candace Pert da Solomon Snyder, suka gano gurabe na musamman a ƙwaƙwalwa da dangin ofiyom ke zama a kansu. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz a birnin Aberdeen suka gano cewa jiki da kansa yana ƙera sinadarai masu zama a waɗannan gurabe, masu rage raɗaɗi da sanyaya rai. Idan aka daɗe ana cika guraben da ƙwaya daga waje, jiki yakan daidaita kansa da wannan yanayi, ta yadda in an janye sai komai ya fita daga rai: abinci ba daɗi, hira ba daɗi, wasa da 'ya'ya ma ba daɗi. Ƙwaya mai gajeren aiki tana ɗaga mutum ta sauke shi sau da yawa a yini, rayuwarsa ta koma farauta tsakanin tashi da faɗuwa. Metadon da ake sha ta baki yana shiga a hankali, ya zauna yini guda ko fiye a mataki ɗaya. Babu tashi, babu faɗuwa, sai ƙishin ya kwanta.

A nan ne amsar masu cewa musayar ƙwaya da ƙwaya ce kawai. Gaskiya ne jikin mai shan metadon yana dogara da shi, in ya yanke kwatsam zai yi ciwon yaye. Amma dogaron jiki daban, jaraba daban. Mai ciwon sukari ma jikinsa ya dogara da allurar insulin, ba wanda ya ce masa ɗan ƙwaya. Jaraba ita ce mutum ya rasa linzami, ya ci gaba da sha alhali yana ganin aikinsa da aurensa da mutuncinsa suna zubewa. Don haka ma'aunin da nake ba iyalai ba sunan maganin ba ne. Ku dubi yininsa. Yana tashi ya fita nema? Kuɗin cefane yana isowa gida? Ya daina ƙarya a kan inda ya je? Hodar Freud da hiroyin ɗin Bayer sun faɗi wannan jarrabawa, metadon ya ci ta, kuma an shafe shekara sittin ana maimaita gwajin a ƙasashe da yawa.

Ba na ɓoye haɗarinsa. Metadon yana taruwa a jiki a makonni biyun farko, shi ya sa ake farawa da kaɗan ƙarƙashin idon ma'aikaci. Haɗa shi da giya ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam na iya tsayar da numfashi. Abin da babba ke sha a yini yana iya kashe ƙaramin yaro, saboda haka in an ba da shi a tafi gida, wurinsa akwati mai kwaɗo.

Wannan haɗari ne ya sa aka yi maraba da na biyu, bufrenofin. An haɗa shi a 1966 a garin Hull na Ingila, ya shiga kasuwa a 1978 a matsayin maganin raɗaɗi, a shekarar kuma Donald Jasinski, wani mai bincike a Lexington, ya nuna zai dace da masu jaraba. Yana kama gurbin da ƙarfi amma ba ya buɗe shi gaba ɗaya, saboda haka tasirinsa a kan numfashi yana da iyakar da ba ya cika wucewa. A ƙarƙashin harshe ake sa shi ya narke. Faransa ce ta fara sakin hannu: daga 1996 kowane likita na iya rubuta shi, kuma cikin 'yan shekaru mace-macen wuce ƙima a ƙasar suka ragu da kusan kashi 80 cikin 100, ko da yake wasu matakan ma sun taimaka. Amurka ta amince da shi a 2002 da sunayen Subutex da Suboxone, a 2017 kuma aka sami allurarsa ta wata-wata. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi da metadon cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Abu ɗaya da ya kamata iyali su sani: ba a fara shi sai ciwon yaye ya soma bayyana, domin in an sha shi alhali tsohuwar ƙwayar na kan gurbi, zai tumɓuke ta da ƙarfi ya jefa mutum cikin azaba nan take.

Na ukun, naltireson, hanyarsa daban ce. Ba ɗan dangin ofiyom ba ne a aiki, toshe gurbin yake yi, ta yadda ko mutum ya sha ƙwaya ba zai ji komai ba. An haɗa shi a 1963, Amurka ta amince da shi a 1984. A takarda ya fi kowanne kyau, iyalai ma sun fi son jin labarinsa domin ba ya sa dogaro. A aikace kuwa rauninsa a fili yake: ƙwayar da ba a haɗiya ba ba ta toshe komai, kuma yawancin waɗanda aka ba sukan ajiye ta cikin 'yan makonni. Ya fi yin amfani ga wanda ke da mai sa ido a kansa kullum, shi ya sa allurarsa ta wata-wata da aka amince da ita a 2010 ta zama ci gaba. Sai mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 babu ƙwaya a jikinsa kafin a fara, kuma in hatsari ya same shi dole a sanar da likita yana kansa, domin magungunan raɗaɗi na wannan dangi ba za su yi masa aiki yadda aka saba ba.

Akwai lissafin da nake so kowane gida ya riƙe. A 2017 mujallar likitocin Birtaniya ta wallafa nazarin da ya tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa cikin kowane mutum 1,000 da ke kan metadon kimanin 11 ke rasuwa a shekara, cikin waɗanda suka bar shi kuwa kimanin 36, kuma makonni huɗun farko bayan bari suna cikin mafiya haɗari. Dalilin shi ne sabon jiki yana gushewa da sauri fiye da ƙishi. Wanda ya yi wata guda bai sha ba, in ya koma ya ɗauki adadin da ya saba a da, jikinsa ba zai ɗauka ba. Wani bincike a jihar Washington da aka wallafa a 2007 ya tarar cewa a makonni biyun farko bayan fitowa daga kurkuku, haɗarin mutuwa ta wuce ƙima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Ranar da ake murnar dawowarsa daga asibiti ko wurin tsarewa, ranar ce ya fi bukatar a kula. Kuma matar da ta matsa wa mijinta ya ajiye maganin likita saboda "ai ka warke", ko mijin da ya yi wa matarsa haka, ya san abin da yake jawowa. Mai juna biyu ma ba a so ta yanke kwatsam, akan riƙe ta ne a kan metadon ko bufrenofin har ta sauka.

Idan ya faru, alamominsa su ne barcin da ba a iya tayarwa, numfashi a hankali ko minshari mai gurnani, ƙwayar ido ta ƙanƙance, leɓe da harshe su dusashe. Ba madara, ba manja, ba watsa ruwa. A kwantar da shi a kan gefensa a garzaya asibiti, a faɗa wa ma'aikata gaskiyar abin da ya sha, domin akwai nalokson, maganin da ke kore ƙwayar daga gurbi cikin mintoci, wanda ake amfani da shi tun 1971. Tiramol yana da ƙarin sharri, yawansa na kawo farfaɗiya. Abin da ake rubutawa a asibiti miligiram 50 ne ko 100, ba a wuce 400 a yini, amma na bayan fage ana samun mai 225 a ƙwaya ɗaya.

To ina matsayin abokin zama a cikin wannan tarihi? Da farko zargi ya samu. A shekarun 1940 da 1950 wasu masana sun rubuta cewa matan mashaya su ne masu matsala, wai su ke zaɓen irin waɗannan maza kuma su ke hana su warkewa. A 1954 wata mai bincike, Joan Jackson, ta saurari matan da kansu, ta nuna cewa halin da ake gani a wurinsu, na bincike da faɗa da ɓoye-ɓoye, sakamakon zama cikin tashin hankali ne, ba musabbabinsa ba. Kafin nan, a 1951, Lois Wilson, matar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mashaya masu neman dainawa, ta jagoranci kafa ƙungiyar iyalai mai suna Al-Anon. Ita da kanta ta ba da labarin ranar da ta wurga wa mijinta takalmi, bayan ya riga ya daina sha, sannan ta gane cewa ita ma shekarun sun yi mata rauni. Daga baya aka yi yayin taron dangi a ritsa mutum a tsakiya, kowa ya faɗa masa laifinsa har ya amince ya tafi asibiti. Mu ma mun san wannan salo, a zauren baffa ake yin sa.

Sai aka auna. A 1999 William Miller da Robert Meyers da abokin aikinsu a jami'ar New Mexico suka kwatanta hanyoyi uku a kan iyalan mashaya giya da suka ƙi neman magani. Ta hanyar Al-Anon kashi 13 cikin 100 suka shiga magani, ta hanyar ritsawa kashi 30, ta hanyar da Meyers ya tsara kuwa kashi 64, kuma da aka gwada ta a kan masu shan ƙwaya an sami sakamako makamancin haka. Hanyar ba ta da wani sirri. Ana koya wa abokin zama ya sa ranar da ba a sha ba ta fi daɗi a gida, da fara'a da abinci da hira. Ya janye cikin natsuwa ranar da aka sha, ba zagi ba gori. Ya daina rufa asirin da ke ɗauke wa mai shan nauyin abin da ya aikata, kamar biya masa bashin dila ko yi masa ƙarya a wurin aiki. Ya kuma jira lokacin da mutum ya yi laushi, kamar safiyar nadama, ya kawo zancen asibiti alhali ya riga ya san inda za a je. Timothy O'Farrell a Amurka ya ƙara wani abu ga ma'aurata: alƙawarin kullum. Kowace safiya mai jinya ya ce yau ba zai sha ba, abokin zamansa ya yi masa godiya, a sha maganin likita a gaban juna, a kuma yarda cewa ba za a tono na jiya ba sai a gaban mai ba da shawara. Minti biyu ne, amma yana sauke wa mace aikin ɗan sanda, aikin da ba ya barin soyayya ta rayu.

Muhimmancin gida ya fito a wani wuri da ba a zata ba. A farkon shekarun 1970 kimanin ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka a Biyetnam sun ce hiroyin ya kama su. Lee Robins ta bi sawunsu bayan sun koma gida, ta tarar kashi 5 cikin 100 kacal na waɗanda ya kama suka sake faɗawa a shekarar farko, kashi 12 cikin shekara uku. Kada a ɗauka wannan yana nufin magani ba shi da amfani, domin su sun bar filin yaƙi da arhar ƙwaya da abokan sha gaba ɗaya a wata nahiya. Maigidan matar nan kuwa kullum sai ya wuce ta gaban mai sayar masa. Abin da za a ɗauka shi ne duk abin da aka iya sauyawa a sauya: hanyar zuwa aiki, majalisar dare, layin waya, da wanda ke riƙe kuɗi a watannin farko.

Rahoton 2018 na binciken ƙasa da aka gudanar a Najeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu da magungunan dangin ofiyom, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Wannan na ƙarshen nake so maza su ji. A abin da nake gani, miji mai jaraba yakan sami shekaru na haƙuri, mace kuwa kwalba ɗaya aka gani a ƙarƙashin gado sai takarda. Wasu daga cikinsu a gadon asibiti abin ya same su, bayan tiyata ko cikin ciwon sikila, da allurar fenta da mu ma'aikata muka yi musu. Tanzaniya ta fara ba da metadon a asibitin Muhimbili a 2011, Senegal ta buɗe cibiyarta a Dakar a 2014, mu kuwa har yanzu samun waɗannan magunguna ba a kowane gari ba ne. Ƙofar da ta dace ita ce sashen likitocin ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, ko asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau. Ko inda babu metadon, likita na iya rage ƙwayar daki-daki, ya ba da abin da ke sassauta ciwon yaye, ya kuma duba ciwon damuwa ko raɗaɗin da ya fara kai mutum ga sha. Kada a sayi ko ɗaya daga cikin magungunan da na ambata a kemis ko hannun wani a gwada a gida. Idan kuma zama ya kai ga duka ko barazana ga yara, tsira da lafiya ake fara nema, jinya ta biyo baya.

Ban faɗa wa matar nan duk wannan a taga ba, layi ba zai bari ba. Na ce mata babu allurar wankin jini, na rubuta mata ranar da likitan ƙwaƙwalwa ke zama, na ce ta zo da shi in ya yarda, in bai yarda ba ta zo ita kaɗai. Bayan kamar wata biyar ta dawo da takarda a hannu, maigidan yana tsaye nesa kaɗan yana duban waya. Ta ce ya zame sau ɗaya, satin bikin ƙaninsa. "Amma wannan karon, Malam, ba a aljihu na gani ba. Shi ya faɗa mini da bakinsa, washegari muka dawo wurin likita." Na haɗa musu maganin wata guda, na maimaita mata yadda ake sha. Ta ƙulle shi a bakin mayafi, sannan ta tambaye ni ko akwai maganin zazzaɓi na yara, ƙaramarsu ta kwana da zafin jiki.